MURYAR SAGIR BABU KIƊA

Daga alƙalamin Zulaihat Jaji

Shafi na 27

Na ga saƙonninku duka, har da na masu fushi da ni kan kwana huɗun da na yi shiru. Ku yi haƙuri, sau uku ina fara wannan shafin ina ajiye waya. Ke Zubaida da kika ce kin yafe wa Imran tun ba ki ji laifinsa ba, ki karanta tukuna.

*

Kwana tara ke nan da Saudat ta fita takaba ta dawo gidansu, kuma a kwana taran nan ba ta taɓa taka ƙofar ɗakin yayanta Imran ba.

Ɗakin soro ne. Imran ya manne bangon da kwalayen ƙwai da tsofaffin barguna, ya mai da shi situdiyo. A nan mijinta Sagir ya rera duk waƙoƙin da aka san shi da su daga Kaura Namoda har Zurmi. A nan kuma ya rera ta ƙarshe, da safiyar ranar da 'yan bindiga suka buɗe wa motarsu wuta a hanyar Shinkafi.

Tun ranar da ta dawo ta roƙi Imran ya ƙarasa haɗa waƙar ya ba ta. Kullum da uzurinsa. Yau babu wuta, gobe kwamfuta na zafi, jibi kansa na ciwo.

Yau bayan sallar azahar tana tsugune tana wanke kwanoni, sai ta ji ganga na tashi daga soro. Sai piyano. Sai muryar da ta yi wata biyar ba ta ji ba.

Cokalin hannunta ya koma cikin ruwa.

Inna, mahaifiyarsu, da ke tsince shinkafa a gindin darbejiya ta ɗago ta dube ta.

"Tai ki ji, Saudat. Bar mini ɗiyarki Gimbiya, in ta tashi ni goya ta."

Saudat ta goge hannu da zani, ta ja mayafi ta nufi soro.

Sallama biyu ta yi bai ji ba, hedifon na kunnensa. Sai da inuwarta ta faɗa kan allon kwamfutar ya zabura, ya danna wani wuri, ɗakin ya yi tsit.

"Saudat. Lafiya?"

"Lafiya lau, Yaya. Ci gaba da aikinka, zama zan yi."

"Ban gama ba ai. Waƙa ba ta daɗin ji tun ana miksin, ana kan haɗa sauti. Bari in na kammala in tura miki a waya."

"Na ji. Zama dai zan yi."

Ta jawo kujerar roba ta zauna kusa da shi. Kujerar Sagir ce, har yanzu akwai tabon biro inda yake gwada rubutu a hannunta. Imran ya kalli kujerar, ya kalli ƙanwarsa, ya cire hedifon ɗin a hankali ya mai da sautin sifika.

Allon cike yake da layuka kwance, kowane da launinsa.

"Mi ke nan duka?" ta tambaya.

"Waƙar ce a warwatse. Wanga na sama ganga ne. Na ƙasa da shi bes, jita mai kaurin sauti. Ga piyano, ga sarewa, ga 'yan amshi. Wanga koren..." Ya nuna shi da yatsa. "Wanga muryarshi ce."

"Duwatsun nan da ke hawa da sauka?"

"Inda kika ga ya yi tudu, magana ce. Inda ya kwanta, shiru ne. Aikina in daidaita su, kada ganga ta danne murya, kada murya ta yi tsirara."

"Sa mu ji."

Ya danna.

Ganga ta shigo a hankali, sarewa ta bi ta. Sai Sagir.

*Gero ya nuna a gonar da ba mu zuwa,*
*tsuntsu ke girbi, mu muna hange daga nesa.*

Saudat ta dafe bakinta da gefen mayafi. Ba ta yi kuka ba. Idonta na kan koren layin nan, kamar a cikinsa za ta ga fuskarsa.

Imran ya ci gaba da aiki don ya samu inda zai kai idonsa. Ya rage ganga kaɗan. Ya ɗaga amshi, ya sake saukar da shi. Ya tura sarewa zuwa sifikar hagu. Ya ƙara wa muryar ɗan amsa-kuwwa, ta buɗe kamar a tsakar fili ake rerawa. Daga nan ya faɗaɗa koren layin, ya fara yanke wasu ƙananan abubuwa tsakanin baiti da baiti yana sharewa.

"Tsaya," in ji Saudat. "Mi kake cirewa?"

"Numfashi ne. Inda yake jan iska kafin shi ɗauki baiti. Haka ake yi, a tsabtace waƙa."

"Mai da su."

"Saudat, in an bar su..."

"Yaya, numfashinshi ne. Nan kaɗai ya rage. Mai da su."

Hannun Imran ya tsaya a kan linzamin kwamfutar. Ya danna baya, ya danna baya, har sau goma sha ɗaya. Ƙananan tudun suka dawo ɗaya bayan ɗaya.

Ta matso da kujerar.

"Gimbiya shekararta biyu," ta ce, muryarta ƙasa ƙasa. "Jiya na nuna mata hotonshi, ta ce Kawu. Ba ta tuna shi, Yaya. So nake in ta girma ta ji ubanta ya yi numfashi a duniyar nan."

Imran ya kau da kai ya share ido da kafaɗa.

Ta nuna wani layi can ƙasa, fari fat, babu ko ɗigo a cikinsa.

"Wanga fa? An rubuta Gurmi, amma babu komi."

"Ba a samu ɗauka ba."

"Don mi?"

"Ba a dai samu ba. Zan goge layin."

Ya faɗa da sauri, har ta juyo ta dube shi. Gumi na bin gefen kunnensa, ga fanka na kaɗawa.

"Kashe mini kiɗan duka," ta ce. "Shi kaɗai nake son ji."

"Murya babu kiɗa ba ta da..."

"Ni na zauna da ita shekara uku babu kiɗa. Kashe."

Ya danna wani ɗan maɓalli a gefen koren layin. Sauran layukan suka dushe.

Muryar Sagir ta cika ɗakin ita kaɗai. Ana jin yadda yake lasar leɓe. Ana jin tafin da yake yi da yatsu a cinya don riƙe kiɗa. A baiti na uku muryar ta ɗan karye, ya gyara ta a tsakiya ya wuce.

Nan hawayen suka zo. Ta bar su suna sauka, ba ta share ba.

Baitin ƙarshe ya zo. Sagir ya ja shi ya sauke.

Imran ya miƙa hannu zai tsayar.

Saudat ta riga shi, ta dafe linzamin.

"Kowane layi ya ƙare nan," ta ce. "Nashi ya ci gaba. Dubi tudu har can."

"Shirme ne. Mantawa na yi ban kashe makirufo ba. Cika mini."

"To in ji shirmen."

"Saudat, don Allah cika."

"Mi kake ɓoyewa, Yaya?"

Kafin ya amsa, sifika ta riga shi.

Dariyar Sagir ce ta fara fitowa, wadda yake yi da ɗan tari a ƙarshe.

*"Ya yi, ko in sake?"*

Sai wata murya daga ɗan nesa. Muryar Imran.

*"Ya yi. Saura gurmi kawai. Baitin tsakiya ba ya zama sai da gurmin gaske, na kwamfuta ba ya ratsa jiki. Tsoho Ɗanbaba mai gurmi na Katuru yau shina Shinkafi cin kasuwa, kuma ya rantse ba shi zuwa Kaura. Ka ɗauki ƙaramar na'ura ka tai ka ɗauko kiɗanshi."*

*"Ai kai ka ce za ka."*

*"Aikin 'yan biki ya tsare ni."*

*"Imran, an ce jiya an ga babura wajen gada."*

*"Wa ya ce? Da safen nan na tambayi direbobi, hanya lumui. Kai dai tun da ka yi aure ka koma matsoraci. In Saudat ce ta hana ka fita, ka faɗi, in je in roƙe ta ta ba ka izini."*

Ana jin kukan fanka a cikin ɗaukar, fankar nan dai da ke kansu yanzu.

*"To,"* in ji Sagir. *"Kawo na'urar."*

Imran ya fizge wayar sifika daga jikin kwamfuta.

Daga waje mai baro ya wuce yana tallar mangwaro. Can wajen tashar jirgi wani na saran ƙarfe.

Saudat ce ta fara magana, kuma ba da ƙarfi ba.

"Ranar da anka kawo gawarshi, mi ka ce wa Inna?"

Imran ya sunkuyar da kai.

"Ina tambayarka, Yaya. A tsakar gida, gaban uwarshi da ta taso daga Zurmi ko takalmi babu. Mi ka ce?"

"Saudat..."

"Ka ce ka hana shi. Ka ce har rigarshi ka riƙe a bakin soron nan. Ka ce wani abokinshi ya kira shi, ya ƙi jin maganarka. Ko ba haka ka ce ba?"

"Haka na ce."

"Kana kuka kana faɗi. Ni ce ma na ba ka haƙuri."

"Ki saurare ni."

"Ka san mi na yi cikin takaba?" Ta miƙe tsaye, kujerar ta faɗi ta baya. "Wata huɗu da kwana goma ina zaune a ɗaki ina fushi da gawa. In ɗaga hannu zan yi mashi addu'a, sai zuciyata ta ce, ai an hana shi ya ƙi. Ya zaɓi abokinshi ya bar ni da ɗiya. Akwai ranar da na kifa hotonshi, Yaya. Kwana shida yana kife."

"Wallahi ban yi nufin..."

"Kada ka rantse mini. Rantsuwarka ce na riƙe wata biyar."

Ya zame daga kujera ya durƙusa a kan ledar ɗakin. Namiji mai shekara talatin da ɗaya, gwiwa biyu a ƙasa gaban ƙanwar da ya goya.

"Tsoro na ji," ya ce. "Da na ga uwarshi, na ga ke, bakina ya faɗi abin da ya faɗi. Washegari na so in gyara, na kasa. Kullum sai ta ƙara nauyi."

"Aikin 'yan bikin fa? Akwai shi?"

"Babu," ya ce.

"Direbobin fa? Ka tambaye su?"

Ya rufe fuska da tafin hannu.

"Ka tambaye su, Yaya?"

"Na tambayi Ubaidullahi mai motar Golf, maƙwabcinmu."

"Mi ya ce?"

"Ya ce shi yau ba shi ɗaukar hanyar. Ya ce in ba dole ba, in bari sai wani mako."

Saudat ta ja baya har bayanta ya taɓa kwalayen bango.

"Ka sani ke nan."

"Na ɗauka irin maganar direbobi ce, kullum cewa suke yi. Motoci na ta wucewa, Saudat. Na ce ai ba za a..."

"In maganar direbobi ce, mi ya hana kai ka tai?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Ka ji tsoro wa kanka, ka tura mijina. Kuma da sunana ka tura shi. Da sunana! Ka san Sagir, ka san ko wuta ce zai shiga don kada a ce matarshi ta ɗaure shi. Kai ka haɗa mu, kai ka san inda za ka taɓa shi ya tashi."

"Abokina ne tun firamare. Kina ganin ban mutu ba ni ma ranar nan?"

"A'a. Ga ka nan kana shan iskar fanka."

Maganar ta same shi. Ya yi baya ya zauna daɓas, kansa jingine da ƙafar tebur.

"Sau nawa ka ji wanga abu?" ta tambaya.

"Sau ɗaya. Bayan sadakar bakwai. Na buɗe zan haɗa waƙar, na ji muryata, na rufe. Ban sake buɗewa ba sai yau."

"Mi ya sa ba ka goge ba?"

"Na gwada. In na sa hannu sai in ji kamar shi zan goge."

Ta share fuska da mayafi, ta yi tsaye tana kallon allon. Fushin ya fara sauka, abin da ke ƙarƙashinsa ya fi shi ciwo. Wannan ne yayan da ya sayar da babur ɗinsa ya yi mata kayan ɗaki. Shi ne ya yi wa Gimbiya huɗuba.

"Za ka ƙarasa waƙar," ta ce. "Za ka bar numfashin, za ka bar layin gurmin nan yadda yake, fari. In ka gama ka ba ni. Sannan ka shirya, ni da kai za mu Zurmi, ka durƙusa gaban uwarshi kamar yadda ka durƙusa mini, ka faɗa mata da bakinka."

"Zan yi."

"Bayan nan ban san mi za mu zama ba, ni da kai."

Ta juya za ta fita. Idonta ya sake faɗawa kan koren layin, ta tsaya.

"Nan ne inda ka tsayar?"

Ya ɗago. "E."

"Bayan nan mi ya faru?"

"Fita na yi. Na'urar na wurin masu caji a bakin titi, na tai karɓowa. Babu komi bayan nan, shi kaɗai na bari a ɗakin."

"Ka ce inda ya kwanta shiru ne, inda ya yi tudu magana ce."

"Haka ne."

"To dubi."

Imran ya miƙe da kyar ya dubi allon. Bayan inda suka tsaya layin ya kwanta na ɗan lokaci. Daga nan ya sake tashi, tudu bayan tudu, kusan minti uku.

"Ban taɓa wuce nan ba," ya ce. "Wallahi ban taɓa..."

"Mai da wayar sifikar."

Sau biyu yana kuskuren ramin kafin ta shiga. Ya danna.

Ƙarar rufe ƙofa. Takun Imran yana nisa. Kujerar roba ta yi ƙara, an jawo ta kusa da makirufo.

Sai Sagir, kusa sosai, kamar a kunnensu yake magana.

*"Imran. Na ga jar fitilar nan na ci, na san abinka na ɗauka. Kullum sai ka manta. To bari in yi amfani da mantuwarka, tun da gobe ko jibi za ka zauna miksin, dole ka ji."*

Saudat ta lalubi gefen tebur ta riƙe.

*"Gaskiya ka faɗa, tsoro nake ji. Amma ko ba ka zage ni ba, yau sai na taka Shinkafi. Ba gurmi zai kai ni ba. In Allah ya sa na dawo da abin da na tai nema, sai mu goge wagga mu yi dariya. In kuma ban dawo ba, to nauyin ya koma kanka."*

Ya ja numfashi mai tsawo.

*"Shekaranjiya wata lamba ta kira ni. Mace ce, tana raɗa. Ta ce ta ji waƙata a wayar wani daga cikin masu tsaronsu, ta ji inda kake sa ni in karanto lambata a ƙarshe, ta haddace. Ta ce wata uku tana maimaita ta a zuci kafin ta samu waya. Na ce wace ce. Imran, Ummusalma ce."*

Saudat ta sulale ta zauna a ƙasa.

Ummusalma ita ce autarsu. Shekara huɗu ke nan da aka shiga unguwarsu a Moriki, aka kashe mahaifinsu a bakin rumbu, aka tafi da ita tana 'yar shekara goma sha bakwai. Abin da ya taso su zuwa Kaura ke nan. Bayan shekara guda wani da ya kuɓuto daga daji ya ce ya ga an binne ta. An yi zaman makoki, an yi sadaka. Tun daga ranar ba a ambaton sunanta a gaban Inna.

*"Na san mi za ka ce,"* muryar Sagir ta ci gaba. *"Ni ma na ɗauka tarko ne. Sai na ce ta faɗi mini abin da ba wanda ya sani sai ɗan gida. Ta ce in tambaye ka tabon da ke bayan kunnenka na dama, ita ce ta jefe ka da murfin tukunya kan ka cinye mata ƙanzo."*

Hannun Imran ya tafi bayan kunnensa da kansa.

*"Akwai wata tsohuwa mai kai musu nono, ita ce ta ɓoye mata ƙaramar waya, ita ke fita da ita caji. Ummusalma ta ce yau ranar kasuwa tsohuwar za ta san yadda ta fito da ita har bayan kara, inda ake sayar da shanu. Ni zan jira su can. Ban gaya maka ba don na san ka, da gudu za ka tai ko hula babu, kuma kai kaɗai ne namijin da ya rage wa Inna. Jiya da ka ce kai za ka, hankalina ya tashi. Da ka fasa na ji sanyi. Ban gaya wa Saudat ba don in abin bai yiwu ba, kada ta yi makokin ƙanwarta sau biyu. Ka ba ta haƙuri. Ka ce mata ban taɓa ɓoye mata komi ba sai wanga."*

Saudat ta cusa mayafi a baki don kada ihunta ya fita tsakar gida.

Bai hana ba. Labulen ƙofar ya motsa.

Inna ce tsaye, Gimbiya goye a bayanta, ƙwayoyin shinkafa manne a yatsunta.

"Wa na ji ya ambaci sunan ɗiyata?"

Muryar Sagir ta ci gaba.

*"In ba ka gan ni ba, kada ka ɓata ko yini ɗaya. Ummusalma ta ce tsakanin azahar da la'asar kawai take kunna wayar, lokacin da masu tsaronsu suke barci. Ba wanda ke da lambar nan sai ni, ita kuma ba ta da ta kowa sai tawa. Za ta yi ta jira. Ɗauki biro."*

Saudat ta juyo ta dubi yayanta. Idonta jajur.

"Wata biyar," ta ce. "Wata biyar wagga magana na kwance cikin kwamfutarka, Yaya. Minti ɗaya ya rage ka ji ta. Ka rufe don kada ka ji muryarka."

Imran ya fara laluben biro a kan tebur.

*"Sifili, takwas..."*

"Tsayar! Mai da baya!"

Saudat ta rarrafa ta fizgo wayarta daga ɗaurin zani. Imran ya mai da layin baya, Sagir ya sake karantowa a hankali, lamba bayan lamba, yadda ya saba yi a ƙarshen waƙoƙinsa. Ta rubuta. Ta sa ya sake maimaitawa ta gwada. Daidai.

Inna ta shigo ɗakin da ba ta taɓa shiga ba, ta dafa kafaɗar Saudat.

"Ku gaya mini mi ke faruwa. Saudat. Imrana. Ku gaya mini."

"Inna, ki zauna," in ji Imran.

"Ba ni zama."

Saudat ta dubi agogon wayar. Uku da minti goma. Ba a kira la'asar ba tukuna.

Ta danna kira. Ta sa a bayyane yadda kowa zai ji, ta ajiye wayar a kan tebur kusa da makirufo.

Shiru.

Shiru.

Sai ta fara shiga.

Ƙara ɗaya.

Inna ta fara salati ƙasa ƙasa.

Biyu.

Uku.

Imran ya dafe kai da hannu biyu.

Huɗu.

A na biyar aka ɗauka.

Babu sallama. Sai iska, da kukan akuya can nesa, da numfashin wani mutum da ya kara waya sosai a baki.

Saudat ta matso da bakinta kusa da wayar.

Daga can ɓangaren wata siririyar murya ta yi raɗa, tana rawa.

"Yaya Sagir? Sai yau?"